Mai gadin da ke ihu babu ɓarawo: kundin aikinmu kan garkuwar tsiro da ta ɗan Adam

9 ga Janairu, 2025

Yau muka tsayar da shawara ni da Likita cewa za mu haɗa ɗan littafi, tare da baje kolin tsirrai masu rai, domin ɗalibanta na asibiti da nawa na kimiyyar tsirrai. Ita likitar yara ce, ta daɗe tana duba masu ciwon gaɓɓai da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Ni kuma aikina gano abin da ke sa wani iri ya jure cuta, wani ya faɗi. Abin da ya haɗa mu dangin wasu furotin ne da ake kira NLR, waɗanda ke zaune cikin ƙwayoyin halittar jiki suna gadi. Tsiro yana da su, mutum ma yana da su. Ɗan tsiron nan na ɗakin bincike, Arabidopsis, yana da kimanin 150, shinkafa kusan 500, alkama fiye da dubu, mutum kuwa ashirin da 'yan kai.

A tsiro, idan mai gadin ya ji alamar cuta sai ya sa ƙwayar da cutar ta shiga ta mutu tare da na kusa da ita, cutar ta rasa abin ci. Ɗigon ƙuna da ake gani a ganyen iri mai juriya shi ne shaidar hakan. A mutum kuma kumburi da zazzaɓi yake tayarwa. Tambayarmu guda ce: me ke faruwa idan mai gadin ya kama ihu alhali babu ɓarawo? A ɓangarena amsar ita ce tsiro ya tsumbure. A nata, wasu cututtuka ne da ba kasafai ake ganinsu ba, waɗanda iyali kan yi shekaru suna yawon asibiti kafin a faɗa musu sunan abin da ke damun ɗansu.

21 ga Janairu

Irin Arabidopsis ya iso, ya kwana uku a firji a digiri 4 domin ya tsira tare, yau na shuka. Kala biyu ne: Col-0, wanda shi ne lafiyayyen da ake gwada komai da shi, da snc1. Wannan na biyun ɗakin binciken Xin Li ne ya bayyana sirrinsa a 2003. Amino asid ɗaya tak ne ya sauya a jikin wani furotin na NLR, sai furotin ɗin ya zauna a kunne dare da rana. Tsiron yana tara sinadarin salisilik, wanda tsiro ke tayar da garkuwarsa da shi, yana jure bakteriya da cutar farar ƙurar ƙarƙashin ganye fiye da ɗan'uwansa lafiyayye, amma ba ya girma.

Na raba tukwanen gida biyu, wasu a akwatin raino mai digiri 22, wasu a mai digiri 28. An san cewa zafin 28 yana kwantar da wannan furotin. Ina so ɗalibai su ga hakan da idonsu.

4 ga Fabrairu

Likita ta zo da bayananta kan cutar CAPS, muka yini a kai. Kusan duk abin da zai shiga babi na biyu daga zaman yau ya fito, saboda haka zan rubuta shi da tsawo.

CAPS cuta ɗaya ce mai hawa uku, dukkansu daga sauyi a ƙwayar gado ta NLRP3. Rukunin Hal Hoffman ne ya gano haka a 2001. Mafi sauƙinta ita ce wadda sanyi ke tayarwa: mutum ya shiga iska mai sanyi, bayan awa ɗaya ko biyu jikinsa ya feso da ƙuraje masu kama da borin jini, zazzaɓi ya rufe shi, gaɓɓai su yi tsami, ido ya yi ja, kafin kwana ɗaya ya cika abin ya lafa. Ta tsakiya ita ce Muckle-Wells, wadda likitoci biyu na Ingila suka bayyana a 1962. Ita tana tafiya da ji a hankali, kuma idan ba a yi magani ba, wani furotin da kumburi ke haifarwa yakan taru a ƙoda har ya lalata ta. Mafi tsananin ita ce NOMID, da Turawan nahiyar Turai suka fi sani da CINCA. Jariri yakan fara ƙurajen tun a kwanakin farko na haihuwa. Rufin ƙwaƙwalwarsa yana kumbure kullum kamar mai sanƙarau, a ɗebi ruwan baya a auna a rasa ƙwayar cuta ko ɗaya. Ƙashin gwiwa yakan yi girman da ya wuce ƙa'ida, gani da ji su raunana. Duka hawa ukun a haɗe, mutum ɗaya ne ko biyu cikin miliyan.

Na tambaye ta yadda ake rasa gano abin da ke da alamomi bayyanannu haka. Ta ce, "Malam, duk likitan da ya ga jariri da zazzaɓi da ƙuraje, cutar bakteriya zai fara kawowa a ransa, kuma daidai ya yi, domin ita ce ke kisa da sauri. Matsalar tana farawa ne a karo na biyar da na goma, an ba da maganin kashe bakteriya, awo bai nuna komai ba, ba wanda ya tsaya ya ce to me ya sa abin yake dawowa."

Yadda abin ke aiki kuwa, a 2002 ɗakin binciken Jürg Tschopp a Lausanne ya nuna cewa irin waɗannan furotin sukan haɗu su zama wani dunƙule da ke kunna enzayim mai suna caspase-1, shi kuma ya saki sinadarin IL-1 beta mai tayar da zazzaɓi da kumburi. A jikin mai CAPS dunƙulen na haɗuwa ba tare da dalili ba. Da aka gane haka sai magani ya zo da saurin da ba a saba gani ba a irin waɗannan cututtuka. Akwai allurar anakinra da tuni ake amfani da ita ga masu amosanin gaɓɓai, tana toshe hanyar IL-1. A 2003 aka gwada ta kan masu Muckle-Wells a Landan. A 2006 Raphaela Goldbach-Mansky da abokan aikinta a cibiyar NIH ta Amurka suka ba da rahoton marasa lafiya 18 masu NOMID, dukkansu ƙurajen suka ɓace cikin 'yan kwanaki. Wasu magungunan biyu masu toshe wannan hanya suka biyo baya: rilonacept ya samu izini a 2008, canakinumab a 2009.

Wannan labari ya tsaya mini a rai. Shekara biyar kacal tsakanin gano ƙwayar gadon da ganin yara sun daina zazzaɓin da suka tashi da shi tun haihuwa.

13 ga Fabrairu

Bambanci ya fara fitowa. A digiri 22, ganyen snc1 ƙanana ne, koren nasu ya yi duhu, gefensu ya nannaɗe. A 28 sai an duba alamar tukunya kafin a san wane ne wane. Na fara ɗaukar hoto kowane mako da ma'auni a gefe.

28 ga Fabrairu

Yau ce ranar tunawa da cututtukan da ba kasafai ake samu ba, wadda ake yi a ranar ƙarshe ta Fabrairu tun 2008. Mun yi amfani da ranar muka kammala gabatarwar littafin. Tarayyar Turai tana kiran cuta da wannan suna idan ba ta kama fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ba. Amurka, bisa dokarta ta 1983 da gyaran da ya biyo baya, tana duba ko masu cutar ba su kai 200,000 a ƙasar ba. Ƙididdigar Orphanet, kundin da ke tattara bayanan cututtukan da ba kasafai ake samu ba, ta nuna irin waɗannan cututtuka sun haura 6,000, kusan kashi 72 cikin ɗari na gado ne, kimanin kashi 70 suna farawa tun yarinta, kuma idan aka tara masu fama da su a duniya sun kai miliyan 300. Na nace sai wannan adadi na ƙarshe ya zo a shafin farko, domin ɗalibi da ya ji "ɗaya cikin miliyan" yakan ɗauka ba zai taɓa haɗuwa da abin ba.

Mun ƙara cutar Blau. Edward Blau ya bayyana ta a 1985 a wani iyali da cutar ta bi zuriya huɗu. Tana farawa kafin yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, da ƙuraje, da kumburin gaɓɓai musamman wuyan hannu da idon sawu, sai kumburin cikin ido wanda shi ne abin tsoro domin yana iya makantarwa. Ƙwayar gadon ita ce NOD2, ita ma daga dangin NLR, aikinta jin ɓarɓashin bangon bakteriya. Abin da ya ba ɗalibaina mamaki da na gwada musu babin shi ne, a shekarar 2001 aka gano cewa wasu sauye-sauye na dabam a NOD2, waɗanda ke rage mata ji, suna ƙara haɗarin cutar hanji ta Crohn. Ta yi yawa cuta, ta yi kaɗan cuta.

Tsirran snc1 na akwatin digiri 22 sun tsaya cak, faɗinsu bai kai rabin na 'yan'uwansu ba. Wata ɗaliba ta tsaya a kansu ta ce, "Malam, wace cuta ce ta kama su?" Na ce babu, su ne ma suka fi kowa jure cuta a ɗakin nan. Ta daɗe tana kallonsu.

12 ga Maris

Makon nan na ɓangarena ne. Ba na so masu karatu su ɗauka snc1 abin wasan ɗakin bincike ne kawai, domin masu inganta iri sun daɗe suna cin karo da wannan matsala a gona.

Tushen fannin namu aikin Harold Flor ne a shekarun 1940 kan tsatsar tsiron da ake yin zaren lilin da shi. Ya nuna cewa kowace ƙwayar gadon juriya a tsiro tana da takwararta a jikin cutar, idan suka dace tsiro ya tsira. Sai a farkon shekarun 1990 aka fara kama waɗannan ƙwayoyin gado da hannu: Pto na tumatir a 1993, sai RPS2 na Arabidopsis da N na taba a 1994. Daga nan aka ga yawancinsu NLR ne.

Tun kafin wannan, masu haɗa irin alkama sun san cewa akwai iyaye biyu lafiyayyu da idan aka haɗa su, 'ya'yan sukan ƙone tun suna tsiro. Sun sa wa ƙwayoyin gadon da ke jawo haka suna Ne1 da Ne2 ba tare da sanin ko mene ne su ba. A 2021 aka tabbatar cewa Ne2 ita ce Lr13, ƙwayar gadon da ke kare alkama daga tsatsar ganye, kuma NLR ce. Wato abin da mai inganta iri ke nema shi ne ke kashe masa tsiro idan ya haɗu da abokin da bai dace ba. Kirsten Bomblies da Detlef Weigel sun riga sun nuna irin haka a Arabidopsis a 2007: kimanin kashi 2 cikin ɗari na haɗe-haɗen da suka yi tsakanin nau'o'in daji sun haifi tsiro mai ƙunar ganye, kuma alamar tana fitowa a digiri 16 ta ɓace a 23.

Ko babu ƙuna a fili, juriya tana da tsada. Wani gwajin gona na 2003 ya nuna Arabidopsis mai ɗauke da ƙwayar gadon juriya ta RPM1 yana ba da iri ƙasa da marar ita da kashi 9 cikin ɗari idan babu cuta a wurin. Sha'ir mai ƙwayar gadon juriya ta mlo, wanda ya shafe shekaru da dama yana jure farar ƙura, yakan yi ɗigon ƙuna da kansa. Alkama mai Lr34 bakin ganyenta yana bushewa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ra'ayina, wanda zan rubuta a fili a babin, shi ne kuskure ne a koya wa ɗalibi cewa burin mai inganta iri shi ne garkuwa mafi ƙarfi. Abin nema shi ne wadda ke tashi lokacin da ya dace ta kuma kwanta. Kuma dogaro da ƙwayar gado guda yana da nasa haɗarin: Sr31 ta kare alkamar duniya shekaru masu yawa har tsatsar kara ta Ug99, da aka fara gani a Yuganda a 1998, ta karya ta.

25 ga Maris

Littafin ya karkata ga yara, Likita ta ce dole mu gyara. Akwai manya da cutar ke fara musu bayan sun haura hamsin ba tare da sun gaje ta ba. Sauyin yakan faru ne a wata ƙwayar ɓargo guda bayan an haifi mutum, zuriyar wannan ƙwaya ta yaɗu cikin jini. An samu masu CAPS ta wannan hanya, kuma awon gado na yau da kullum yakan tsallake su domin kaɗan ne daga ƙwayoyin jininsu ke ɗauke da sauyin.

Babban misalin shi ne VEXAS, wadda sai a 2020 David Beck da abokan aikinsa a NIH suka bayyana ta a maza 25. Zazzaɓi, ƙuraje, kumburin guringuntsin kunne da hanci, ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya, da ƙarancin jini mai manyan jajayen ƙwayoyi. Ƙwayar gadon UBA1 ce, tana kan kuromosom X, shi ya sa ta fi kama maza. Wani bincike na 2023 ya kiyasta tana shafar kusan namiji ɗaya cikin 4,000 na waɗanda suka haura hamsin. Waɗannan mutane suna nan tun da can, kowanne an ba ciwonsa suna dabam.

Mun ɗan yi jayayya. Na ce UBA1 ba NLR ba ce, sa ta zai warware zaren littafin. Ta ce, "Malam, ɗalibina ba furotin zai gani a gadon asibiti ba, dattijo zai gani da kunne a kumbure da jini ƙasa." Mun daidaita a kan shafi biyu, tare da bayani ƙarara cewa hanyarta dabam ce.

Zazzaɓin gado na yankin Bahar Rum kuwa ba mu yi musu a kansa ba. Furotin ɗinsa, pyrin, ba ya jin ƙwayar cuta kai tsaye, yana sa ido ne kan wani furotin na jiki mai suna RhoA, idan gubar bakteriya ta taɓa shi sai ya tashi. Haka RPS2 ke sa ido kan wani furotin mai suna RIN4 a tsiro. Wani bincike na 2020 ya kawo hujjar cewa sauyin da ke jawo wannan zazzaɓi ya yawaita a yankin ne saboda yana ba da kariya daga annobar Yersinia pestis, kamar yadda ɗaukar sikila gefe ɗaya ke kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Maganinsa tun 1972 colchicine ne, wanda ake samu daga wani fure, kuma shi ne sinadarin da masu inganta iri ke ninka kuromosom da shi tun 1937. Akwai kwalbarsa a kantar ɗakinmu.

Na yi sabuwar shuka domin gwajin sauya wuri.

9 ga Afrilu

Babin da ya fi ba ni wahala shi ne na iyakar kamannin. A 2019 masana a Beijing, Jijie Chai da Jian-Min Zhou da Hong-Wei Wang, suka fitar da siffar ZAR1, wata NLR ta Arabidopsis, bayan ta kunnu: guda biyar ne suke haɗuwa su yi zobe, kuma a 2021 aka nuna zoben yana huda fatar ƙwaya ya bar kalsiyam ya kwarara ciki. Sr35 ta alkama ma haka take yi. Idan aka ajiye hoton kusa da na dunƙulen NLRC4 na dabbobi, wanda shi ma zobe ne, ɗalibi zai rantse kaka ɗaya suka fito. Amma nazarin tarihin ƙwayoyin gado, musamman na Urbach da Ausubel a 2017, ya nuna tsirrai da dabbobi kowa da kansa ya harhaɗa wannan tsari daga sassan da suka daɗe a jikin bakteriya. Tsiro ba shi da IL-1, ba shi da fararen ƙwayoyin jini masu yawo. Maganar zafi da sanyi ma dole a yi taka-tsantsan: sanyi yana tayar da snc1, yana tayar da CAPS mai sauƙi, amma ba za mu ce dalilin ɗaya ne ba, za mu ajiye su gefe da gefe kawai.

Likita ta sa an ƙara sakin layi da na ga ya dace ƙwarai: kada wani mahaifi ya karanta littafin ya ɗauka ɗumama ɗaki zai maye gurbin allura. Kauce wa sanyi yana rage tashin ciwon ga masu hawa na farko, amma ba ya hana lalacewar ƙoda ko ji ga masu sauran hawan.

23 ga Afrilu

Tsirran snc1 da na ɗauke daga digiri 22 na mayar 28 sun fara fitar da sababbin ganye masu faɗi daga tsakiya. Tsofaffin na waje suna nan yadda suke, ƙanana, a nannaɗe. Likita ta ga hoton ta ce a sa shi daf da shafin NOMID, domin abin da take fama ta fahimtar da ɗalibai ke nan: allura tana kashe kumburin cikin kwanaki, amma jin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo, ƙashin gwiwar da ya riga ya girma ba ya komawa. Shi ya sa take so duk wanda ya ga jariri mai ƙuraje irin na borin jini da ba sa tafiya, da zazzaɓi mai maimaituwa, da awon kumburi da ke sama kullum alhali ba a samu ƙwayar cuta ba, ya tura shi ga ƙwararre da wuri.

Waɗanda na mayar daga 28 zuwa 22 kuma sababbin ganyensu sun fara ƙanƙancewa, sai dai ina so su ƙara mako kafin in ɗauki hoton ƙarshe. Na ɗebi ganye daga kowane rukuni na daskarar, za mu auna ƙwayar gadon PR1, wadda ke nuna ko garkuwar tana kunne, domin kada hujjarmu ta tsaya ga girman ganye kaɗai. Babi huɗu sun kammala, saura na manya da Likita ke sake dubawa da kuma zanen zoben nan biyu. Na nemi irin Uk-1 da Uk-3, nau'o'in da aka yi haɗin 2007 da su. Idan sun iso kafin ƙarshen Mayu zan haɗa su, kuma akwatin raino ɗaya zai koma digiri 16.